Ko Kun Sani? Mai Hoto Ba Ya Ganin Abin Da Ya Ɗauka

Mai riƙe da kyamara mai madubi, idan ya tsaya bakin kogin Matan Fada a Argungu yana dakon masunta su afka ruwa da homa da gora, haƙiƙa ba ya ganin ainihin ƙiftawar da ya kama, domin madubin da ke tura haske zuwa idonsa wajibi ne ya ɗaga kafin hoto ya shiga, sai duhu ya gifta masa. Kamfanin Panasonic ya fitar da kyamara marar madubi a 2008. A 2017 kuwa kyamarar Sony a9, ita ma marar madubi, ta zo tana ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa guda ba tare da yanke gani ba, falala babba ga mai jiran fitowar giwan ruwa.