Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Haɗa Hanyoyin Magance Shaye-shaye

Sanin kowa ne cewa shan kodin da taramol ya zama annoba a tsakanin matasanmu, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. To amma doka ba ta cire ƙawa daga zuciyar wanda ya riga ya kamu. Wannan aikin masana halayyar ɗan'adam ne.

Fitacciyar hanyar da suke bi ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya kafa harsashinta a shekarun 1960. Asalinta shi ne, tunani ke haifar da abin da mutum yake ji, abin da yake ji kuwa shi ke tura shi ga aiki. A ɗauki misalin saurayi mai noman fadama a Kwalkwalawa, kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ya sakankance ba zai iya yini yana ban ruwa ba sai ya sha ƙwaya. Masani zai koya masa auna wannan zato da hujja, da gane lokuta da abokan da ke tayar masa da ƙawa, da shirya abin da zai yi a madadin sha.

Sai dai wannan hanya tana bukatar mai son canji. Idan jawo saurayin aka yi, darasin zai bi iska. Shi ya sa ake fara masa da tattaunawar zaburarwa, wadda William Miller ya bayyana a 1983. A nan ba faɗa, ba wa'azi. Tambayoyi ake yi masa har ya furta da bakinsa dalilinsa na son dainawa.

Mataki na uku shi ne shigo da iyali, domin gida zai koma. Wannan ba baƙon abu ba ne a Nijeriya: tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya riƙa saukar da majinyata tare da danginsu a ƙauyen Aro, kusa da Abekuta.

Haɗin nan ba dambu ba ne da za a cakuɗa yadda aka ga dama. Ƙwararre ke tsara abin da zai gabata, kuma wanda jikinsa ya saba da ƙwaya yana bukatar kulawar likita yayin dainawa. Saboda haka, malamin da ya ga alamu ga ɗalibinsa, kafin ya ɗauki bulala, ya tuntuɓi iyaye, a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.