Shugabannin Aiki Marasa Ofis: Darasi Daga Bagudo

Idan aka ce shugaba a wurin aiki, yawancinmu ofis muke hangowa da kujera mai juyawa. Amma a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda Najeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, akwai shugabannin da ko tebur ba su da shi: shugaban 'yan dako a kasuwar Lolo, shugaban direbobi a tashar Tsamiya, da mai jirgin ruwa a Kogin Neja. Halayen da ke riƙe da aikinsu su ne za a nema a wurinku gobe, ko a asibiti ko a banki.

Na farko, sauraro da iya magana. A wannan yanki ana ciniki da Hausa, Dandanci, Zabarmanci da Fulatanci, a ƙetare kuma takardun hukuma da Faransanci ake rubuta su. Shugaban da ke jin koken mutum da harshensa yakan kashe rigima tun tana ƙarama. Saboda haka kada ku raina darasin Faransanci.

Na biyu, lissafi da amana. Naira da sefa ke yawo a nan, kuma canjinsu ba ya zama wuri ɗaya. Da yamma shugaban 'yan dako zai raba abin da aka samu. In ya ƙirga a gaban kowa, gobe za su dawo. In ya shiga lungu da kuɗin, shugabancinsa ya ƙare.

Na uku, iya cewa a'a. A watan Mayun 2021, a wannan kogin dai, wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu, kuma hukumomi sun ce an yi masa lodi fiye da ƙima. Mai jirgin da ya ce "ya isa" zai rasa kuɗin fasinja, zai sha gunaguni, amma zai kai mutane gaɓa lafiya.

Ba sai kun gama karatu za ku fara koyon waɗannan ba. Ke da aka naɗa monita, raba aikin shara ba tare da ware ƙawayenki ba. Kai mai riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai, rubuta kowane kwabo, ka karanta a gaban taro. In kuma babban abokinka ya nemi ka goge sunansa daga jerin masu makara, ka ce masa a'a, ka kuma faɗa masa dalili.