In Kwamfutarka Ta Yi Nauyi

Sau da yawa malami yakan zauna zai buga tambayoyin jarrabawa, kwamfuta kuwa ta yi ta jan ƙafa kamar jakin da aka labta wa kaya. Kada ka yi gaggawar kai ta wurin mai gyara. Yawancin maganin yana hannunka, ba ko kwabo.

Babban dalili shi ne manhajojin da kan tashi da kansu da zarar an kunna ta, kowace tana cin rabonta na ƙwaƙwalwa, ko ba ka bukatarta. In Windows 10 ko 11 gare ka, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga wurin da aka rubuta Startup, ka hana waɗanda ba ka aiki da su tashi. Amma ka bar mai tsare ta daga ƙwayar cuta.

Sa'an nan ga ƙurar hunturu. Takan toshe fanka, injin ya yi zafi, in kuwa ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Zare waya daga bango tukuna, ka buɗe akwatin, ka hure ƙurar. Ban da jiƙaƙƙen tsumma.

Ka riƙa danna Restart ko sau ɗaya a mako, gama Shut down yawanci ba ya share ƙwaƙwalwar duka.