Likitan fisiyo: Ma'aikacin da ke bin 'yan wasa duk inda gasa ta kai su

A duk lokacin da ɗan wasa ya faɗi a fili yana riƙe da gwiwa ko cinya, 'yan kallo kan ga wani mutum ya taso daga benci da gudu, riƙe da jaka. Yakan durƙusa na minti ɗaya ko biyu, ya taɓa nan, ya danna can, sannan ya yi wa koci alama da hannu cewa ɗan wasan zai iya ci gaba ko kuwa a canza shi. Wannan shi ne likitan fisiyo na ƙungiya, wanda jama'a da dama suka fi sani da mai gashin ƙashi, wasu kuma suke ɗaukarsa mai tausa kawai.

Waɗannan 'yan mintuna da ake ganinsa a fili ƙaramin kaso ne na aikinsa. Mafi yawan aikin yana gudana ne a ɗakin otal, a cikin mota, a filin jirgi da kuma wurin atisaye. A waɗannan wurare ne yake yanke hukuncin da ya fi kowanne nauyi a sana'arsa, wato ko jikin ɗan wasa ya isa ya shiga fili ko bai isa ba.

Yadda ake zama likitan fisiyo

A Najeriya, mai son wannan sana'a sai ya yi karatun digiri na shekara biyar a jami'a, wasu jami'o'in ma yanzu sun mayar da shi shekara shida, sannan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Jami'ar Ibadan ce ta fara bayar da digiri a wannan fanni, inda ta buɗe kwas ɗin a shekarar 1966. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna cikin waɗanda ke horar da ɗalibai a fannin.

Hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka a shekarar 1988, ita ce ke yi wa masu sana'ar rajista tare da ba su lasisi. Ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa kuwa tun 1959 aka kafa ta.

Aikinsa ya bambanta da na likitan ƙungiya, wanda ke rubuta magani da tura ɗan wasa a ɗauki hoton ƙashi ko a yi masa tiyata. Likitan fisiyo yana duba tsoka da gaɓoɓi da jijiyoyi, ya gano inda matsala take, ya tsara motsa jikin da zai mayar da ɗan wasa yadda yake. Mai tausa, idan ƙungiya tana da shi, a ƙarƙashin kulawarsa yake aiki.

Rayuwa a kan hanya

Gasar Firimiya ta Najeriya tana da ƙungiyoyi 20, kuma kowacce tana buga wasa 38 a kaka, rabinsu a waje. Mafi yawan tafiye-tafiyen a mota ake yinsu. Ƙungiyar da ta tashi daga Kano zuwa Fatakwal za ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, wadda ta tashi daga Maiduguri zuwa Legas kuwa tata ta fi haka nisa.

Dogon zama a kujerar mota yana sa ƙafa ta kumbura, ƙugu ya riƙe, tsokar cinya ta sage. Don haka likitan fisiyo kan nemi a riƙa tsayawa a hanya domin 'yan wasa su sauka su miƙe jiki, yana kuma bin su da ruwan sha. Idan aka isa masauki, kowa ya nufi ɗakinsa domin hutawa, shi kuwa a lokacin ne aikinsa ke farawa. Yakan shimfiɗa gadon aikinsa na tafi-da-gidanka a ɗakin da aka ba shi, 'yan wasa su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya har dare ya yi nisa.

Kayan aikinsa tare da shi suke tafiya: bandeji da filasta iri-iri, robobin motsa jiki, sandunan dogarawa, abin tallafe wuya da akwatin ƙanƙara. A garin da wutar lantarki ba ta zama, neman ƙanƙara kaɗai aiki ne da sai an shirya masa tun kafin ranar wasa.

Tafiya a jirgi ma tana da nata wahalhalun. A watan Oktoban 2024, an karkatar da jirgin Super Eagles zuwa filin jirgin Al Abraq a ƙasar Libiya, inda 'yan wasan suka shafe fiye da sa'o'i 12 babu wurin kwanciya sai kujerun filin jirgi. Tawagar ta dawo gida ba tare da buga wasan ba, daga baya Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta bai wa Najeriya nasara da ci 3-0. Rashin barci da ƙarancin ruwa a jiki irin wannan suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin yagewar tsoka, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke da ta cewa kan tsarin tafiyar tawaga.

Ranar wasa

Sa'o'i kafin a take leda, likitan fisiyo yana ɗaure idon sawun waɗanda suka taɓa yin targaɗe, yana gwada waɗanda ake shakkar lafiyarsu, sannan ya sa ido a lokacin ɗumama jiki. Da an fara wasa, 'yan kallo suna bin ƙwallo, shi kuwa yana bin ƙafafun 'yan wasa, domin ganin yadda mutum ya faɗi yakan nuna irin raunin da ya ji tun kafin a taɓa shi.

Dokar wasa ba ta ba shi damar shiga fili ba sai alƙalin wasa ya yi masa izini. Ɗan wasan da aka duba kuma dole ne ya fita gefe kafin ya dawo, in ban da wasu yanayi kamar raunin mai tsaron raga. Wannan yana nufin cikin ɗan ƙanƙanin lokaci zai bambance targaɗe da karaya, ya bambance riƙewar tsoka da yagewarta, alhali dubban mutane suna ihu a ci gaba da wasa.

Rauni a kai ya fi kowanne wuyar ganewa, domin ɗan wasa kan miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau alhali ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Saboda haka ne hukumar tsara dokokin ƙwallo ta duniya, IFAB, ta amince daga watan Yulin 2024 cewa masu shirya gasa za su iya ba da ƙarin canji na musamman ga wanda ya bugu a kai.

Wani lokaci kuma rai ne ake ƙoƙarin cetowa. Najeriya ta rasa Samuel Okwaraji ranar 12 ga Agustan 1989, bayan ya yanke jiki ya faɗi a Babban Filin Wasa na Legas ana tsaka da karawa da Angola. Ranar 8 ga Maris ɗin 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya yayin wasa da Katsina United, ya kuma rasu, abin da ya tayar da muhawara kan tanadin lafiya a filayen wasan ƙasar nan. A watan Yunin 2021 kuwa, zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya a fili, amma ma'aikatan lafiya suka danna ƙirjinsa nan take, suka yi amfani da na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma buga ƙwallo. Likitan fisiyo yana cikin mutanen farko da ke isa wurin wanda ya faɗi, don haka wajibi ne ya iya wannan aikin ceto.

Tsakanin buƙatar koci da lafiyar ɗan wasa

A gasar cin Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa, Super Eagles ta buga wasa bakwai daga 14 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024. Wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu sai da aka yi ƙarin lokaci da bugun fenariti, kuma kwana huɗu kacal ya rage a buga na ƙarshe. A irin wannan ɗan tsakani, aikin ma'aikatan lafiya shi ne su mayar da jikin 'yan wasa cikin hayyacinsa ta hanyar tausa, wankan ruwan sanyi, isasshen barci da atisaye mara nauyi.

A nan ne ake samun saɓani. Koci yana son gwaninsa ya buga, domin kujerarsa ta dogara da nasara. Ɗan wasa shi ma yana so, saboda alawus ɗin wasa da tsoron kada wani ya gaje gurbinsa, har wasu kan ɓoye ciwo. Likitan fisiyo kuwa ya san cewa yagewar tsokar bayan cinya, wadda ita ce raunin tsoka da ya fi yawa a ƙwallon ƙafa, tana saurin dawowa idan aka yi gaggawar komawa fili. Ya kuma san cewa wanda jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke yakan yi wata shida zuwa tara ko fiye bayan tiyata kafin ya dawo. Idan ya yi shiru aka sa ɗan wasa da allurar kashe zafi, ƙungiya za ta iya cin wasan ranar, ɗan wasan kuma ya rasa kaka guda ko sana'arsa baki ɗaya.

Akwai kuma batun magunguna. Daga 1 ga Janairun 2024, Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari ta Duniya, WADA, ta haramta amfani da tiramadol a lokacin gasa. Bisa ƙa'idarta, ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Da yake likitan fisiyo ne ya fi kowa zama da 'yan wasa, sau da yawa shi ke fara gano wanda ke sayen magani a kemis ko shan haɗin gargajiya ba tare da sanin likita ba. Haka nan yakan yi fama da waɗanda, da zarar sun je hutu gida, sai su kai raunin jijiya wurin mai ɗori, a murza wurin da ke buƙatar hutu.

Abin da sana'ar ke ci

Mai wannan aiki yakan yi Sallah da Kirsimeti a garin da ba nasa ba, ya rasa suna da biki a gidansu. Idan watan azumi ya faɗo cikin kakar wasa, yakan haɗa kai da koci domin daidaita lokacin atisaye da shan ruwan 'yan wasa masu azumi. Idan ƙungiya ta ɗauki kofi ba kasafai ake ambaton sunansa ba, amma idan raunuka suka yi yawa shi ake fara tuhuma.

Manyan ƙungiyoyin Turai suna ɗaukar likitocin fisiyo da dama, kowanne da ɓangarensa. A ƙananan ƙungiyoyi da makarantun horar da matasa na cikin gida, sau da yawa mutum ɗaya ne ke kula da tawaga gaba ɗaya, wasu wuraren ma wanda ke riƙe jakar ba shi da horon komai. Iyayen da ke tura 'ya'yansu irin waɗannan makarantu suna da damar tambayar wanda ke kula da lafiyar yaran, da kuma ko yana da lasisin MRTB, kafin su sa hannu a takarda.