Nutso a Kogon Ƙarƙashin Ruwa

A jihar Filorida ta Amurka akwai marmaro mai suna Ginnie. Ruwansa garau yake, ɗuminsa digiri 22 duk shekara. Can ƙasansa akwai kogo, inda masu nutso ke shiga goye da tukunyar iska.

Ka lura: a kogi, idan numfashi ya yi maka wuya, sai ka taso sama. A kogo kuwa, dutse ne bisa kanka. In ƙafarka ta tayar da laka, ko tocila ba za ta cece ka ba. Shi ya sa ake shiga da igiya, domin ta nuna hanyar fita. Iskar ma kashi uku ake yi mata: ɗaya na shiga, ɗaya na dawowa, na ukun ba a taɓa shi sai in ta ɓaci.