Dokin Barlin Da Aka Ce Ya Iya Lissafi

Cikin shekarar 1904 ba wani zance a Barlin, babban birnin Jamus, sai na wani doki wai shi Hans. Mai dokin, Wilhelm von Osten, tsohon malamin makaranta ne, ya ce ya koya masa lissafi. In an ce uku da huɗu nawa, sai doki ya buga kofato a ƙasa sau bakwai ya tsaya. Aka naɗa kwamiti na mutum 13, har da likitan dabbobi, suka duba a watan Satumba, suka ce su dai ba su ga zamba ba. Gaskiya suka faɗa kuwa, gama shi kansa malamin ya gaskata da dokinsa, ko anini ba ya karɓa wurin 'yan kallo.

Sa'an nan wani mai neman ilmin halayyar ɗan Adam, Oskar Pfungst, ya ɗauki al'amarin. Bai tsaya gardama ba. Abu guda yakan sāke, ya bar sauran yadda suke, ya rubuta abin da ya fito, ya maimaita sau da yawa, domin amsa ɗaya ko biyu tana iya zama dace ne kurum. Ya sa wa doki fatu a gefen idanu. Tambayoyi 56 da aka yi doki yana ganin mai tambaya, ya ci 50. Tambayoyi 35 da aka yi ba ya ganinsa, 2 kaɗai ya ci. Tun da jimlolin ba ɗaya ba ne, ba a gwada su sai an mai da su bisa ɗari, kamar yadda malami yakan yi da makin aji biyu: watau 89 ke nan da 6. Dace ba ya kawo rata irin wannan.

Gwaji na biyu ya fi ba ni sha'awa. Mutum ɗaya ya raɗa wa doki lamba a kunne, wani ya raɗa masa tasa, aka ce ya tara. Ba wanda ya san jimlar a wurin, sai Hans ya yi ta kuskure. Ashe mai tambaya yakan sunkuyar da kai yana duban kofato, da lissafi ya cika sai ya ɗago kaɗan, shi ma bai san ya yi ba. Wannan ɗan motsi doki ke jira. Pfungst ya buga bincikensa a 1907.

Kada a ce abin na dawaki ne. A 1963 Robert Rosenthal na Amurka ya ba da labarin ɓerayen da aka raba wa ɗalibai, aka ce wa waɗansu nasu haziƙai ne, waɗansu kuwa daƙiƙai, alhali duk iri ɗaya ne. Na "haziƙan" suka fi koyon hanya. Saboda haka ne masu bincike sukan ɓoye wa mai gwaji abin da ake tsammani.

To, malamai, yaro ya fi doki karanta fuska. In an tambaye shi da baki, yakan fara amsa yana duban girar malam, ya juya in ya ga ta motsa. Mai son sanin ko ajinsa ya gane rabawa, sai ya ba da tambayoyi ashirin a rubuce, ya koma bayan aji ya zauna, ya ba malamin wani aji takardun ya duba, lamba a kansu maimakon suna.