Kayan tunawa da baƙaƙen 'yan wasan besbol na farko

Kayan tunawa da baƙaƙen 'yan wasan besbol na farko su ne katuna masu hoto, kan sarki, sulalla, riguna da ƙwallaye masu sa hannu waɗanda ake tarawa don karrama baƙar fata da suka yi sana'ar wannan wasa a Amurka a zamanin wariyar launin fata. Besbol wasa ne da ake jefa ƙwallo a doke ta da gora, mutum tara a kowane ɓangare.

Asali

Moses Fleetwood Walker ya yi wa ƙungiyar Toledo wasa a babbar gasa a 1884. Bayan 'yan shekaru sai masu ƙungiyoyi suka rufe wa baƙar fata ƙofa, ba tare da wata rubutacciyar doka ta ƙasa ba. A watan Fabrairu na 1920 Rube Foster ya kafa gasar Negro National League a birnin Kansas City. Ƙofar ba ta sake buɗewa ba sai ranar 15 ga Afrilu 1947, da Jackie Robinson ya fito wa Brooklyn Dodgers.

Katuna

A wancan zamani kamfanonin taba da na cingam sukan saka katin ɗan wasa a cikin kwalin hajarsu. A Amurka kusan Turawa kaɗai suke bugawa. Saboda haka tsofaffin katunan baƙaƙen 'yan wasa yawanci daga Kuba da Fwato Riko suka fito, inda sukan je wasa a lokacin hunturu. Oscar Charleston ya fito a katunan taba na Kuba na kakar 1923 zuwa 1924. Katin Josh Gibson da aka fi nema na Fwato Riko ne, na kakar 1950 zuwa 1951, kuma an buga shi bayan mutuwarsa, domin ya rasu tun a Janairun 1947. Wato wariyar da ta hana buga hotunansu ita ce ta sa kayan suka yi ƙaranci, kuma ƙarancin ne ya ɗaga farashinsu a yau. A 2017 an sayar da rigar da Robinson ya sa a 1947 a gwanjo kan sama da dala miliyan 2. Tsadar ta jawo jabu, musamman na sa hannu, shi ya sa masu saye ke neman shaidar kamfanonin tantancewa.

Kan sarki da sulalla

Karramawar hukuma ta zo a makare. Gidan waya na Amurka ya fitar da kan sarki mai hoton Robinson a 1982, sannan a 2010 ya fitar da guda biyu na tunawa da gasannin baƙar fata, zanen Kadir Nelson, ɗaya ɗauke da fuskar Foster. A 2022 aka buga sulallan tunawa na zinariya da azurfa, aka ware wani kaso na kuɗin ga gidan tarihin gasannin da ke Kansas City, wanda aka kafa a 1990.

A watan Disamba na 2020 hukumar MLB ta amince cewa gasanni bakwai na baƙar fata, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne, kuma a 2024 ta shigar da alƙalumansu cikin kundinta.